Ba da Likita Ake Auna Mai Walda Ba

Watan jiya ƙanwata ta shigo gidana da la'asar sakaliya, ko zama ba ta yi ba ta ce, "Yaya, sai ka zo ka yi wa ɗanka magana." Yaron ya gama aji uku na ƙaramar sakandare, ya kafe a kan shi kwalejin fasaha zai shiga ya koyi aikin lantarki. Mahaifinsa kuma ya ce ba da yawunsa ba. Da na je gidan, maigidan nata bai yi min rufa-rufa ba. Ya ce, "Malam, ni fa ban raina sana'a ba. Amma tsakani da Allah, ka taɓa ganin mai walda ya fi likita samu?" Na ce masa da wuya. Sai na tambaye shi, a cikin yaran layinsu da suka gama sakandare shekara goma da suka wuce, nawa ne suka zama likitoci? Ya fara lanƙwasa yatsu, ya tsaya a kan ɗaya, can kuma ya tuna cewa shi ma wancan ɗin bai samu likitancin ba, wani kwas aka ba shi.

A nan ne muhawarar nan take karkacewa duk lokacin da aka tayar da ita. Idan za a kwatanta karatun sana'a da karatun boko zalla, sai a ɗauko wanda ya fi kowa sa'a a ɓangaren boko, likita ko lauya ko ma'aikacin kamfanin mai, a jera shi da bakaniken bakin titi mai baƙar riga. Wannan ba awo ba ne. Wanda ya kamata a jera da yaron da ya fito daga kwalejin fasaha shi ne sa'ansa da ya yi shekara uku yana haddace Gwamnati da Adabi da Tattalin Arziki, ya karɓi takardar WAEC ko NECO, ya zauna jarrabawar JAMB sau biyu ko uku, sannan ya haƙura. Irin wannan yaron su ne suka fi yawa. A 2025 kusan mutum miliyan biyu ne suka zauna JAMB, kuma a sakamakon farko da hukumar ta fitar, fiye da miliyan ɗaya da rabi ba su kai maki 200 cikin 400 ba. Ko da duk sun ci ma, jami'o'in ba su da kujerun da za su ɗauke su. Ajin babbar sakandarenmu an gina shi ne kamar tasha mai mota ɗaya, wadda ke zuwa jami'a. Wanda motar ta bari, ba a tanadar masa ko keke ba.

To me wannan yaron yake da shi da zai sayar? Takardar tana akwatin uwarsa a cikin leda. Shi kuwa yana tuƙa adaidaita sahun wani yana kai balas da daddare, ko yana zaune a ƙarƙashin lema da na'urar POS, ko ya koma garejin da ya kamata ya shiga tun yana ɗan shekara goma sha biyar, yanzu yana da ashirin da uku, ogan da zai koya masa ma ƙila ƙaninsa ne. Idan da wannan za a auna, ni ba na shakka: yaron da ya koyi wayarin ko walda ko gyaran firiji da kyau ya fi shi samu, kuma ya riga shi fara samu da shekaru.

Ba mu kaɗai muke wannan gardama ba, kuma waɗanda suka fi mu ajiye alƙaluma sun yi bincike a kai. A jihar Konetikat ta Amurka akwai makarantun sakandaren fasaha na gwamnati da ake shiga ta hanyar maki. Masu bincike suka kwatanta yaran da suka tsallake makin da ƙyar da waɗanda suka faɗi da ƙyar, wato yaran da kusan ƙoƙarinsu ɗaya ne. Suka tarar maza da suka shiga makarantun fasahar sun fi takwarorinsu kammala sakandare, kuma bayan sun fita, abin da suke samu ya ɗara na waɗancan da kusan kashi ɗaya cikin uku. An yi irin wannan awon a Finlan, nan ma aka ga 'yan ɓangaren sana'a sun fi samu tun da fari, kuma ratar ba ta rufe ba har suka haura shekara talatin. Abin da ya sa nake ba wa irin wannan bincike muhimmanci shi ne ya kauce wa tarkon da mijin ƙanwata ya faɗa. Bai ɗauko haziƙin aji ya gwada da na ƙarshen aji ba.

Sai dai akwai wani gefen da masu yi wa sana'a kirari ba sa son a taɓo. Wani masani mai suna Eric Hanushek da abokan aikinsa sun wallafa wani nazari a 2017, suka kwatanta mutane masu shekaru daban-daban, daga matasa zuwa tsofaffi, a ƙasashe da dama. Sun tabbatar da cewa mai karatun sana'a ya fi saurin samun aiki. Amma yayin da shekaru suke ja, fifikon yana raguwa, har wajen shekara hamsin mai karatun gama-gari ya kamo shi ya wuce. Kuma abin ya fi fitowa fili a ƙasashen da ake buga misali da su wajen koyon sana'a, wato Jamus da Denmak da Suwizalan. Dalilin ba boyayye ba ne. Sana'a tana tsufa. Wanda aka koya wa inji guda ɗaya, ranar da aka daina amfani da injin, shi ma an daina amfani da shi.

Wannan ba sai an je Jamus ba. Duk wanda ya san Kakuri a Kaduna lokacin da masaƙu suke numfashi ya san abin da nake nufi. Masaƙar KTL da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002, masaƙar UNTL ta biyo baya a 2007, haka masana'antu da yawa na Bompai da Sharaɗa da Challawa a Kano suka yi ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Mutanen da suka shekara ashirin a kan injin saƙa, gwanaye na gaske, suka wayi gari gwanintarsu ba ta da mai saye. Da yawa acaɓa suka koma ko gadi. Haka mai gyaran rediyo da akwatin talabijin mai ƙusumbi, haka mai buga tafireta a ƙofar kotu. Yanzu ma ga shi muna gani a gareji: tsohon bakanike da ya iya kabureta kamar yunwar cikinsa, ana kawo masa mota mai kwamfuta sai ya tsaya yana kallo, har sai an kira wani yaro mai na'urar da ake jonawa a ƙarƙashin sitiyari, wanda ya iya karanta abin da ta rubuto. Kuɗin da yaron zai karɓa a minti goma, tsohon sai ya wuni a ƙarƙashin mota bai same shi ba. Me ya raba su? Ba ƙarfin hannu ba ne. Yaron ya iya karatu, ya iya ɗan lissafi, yana iya buɗe YouTube ya bi bayanin wani bakanike na wata ƙasa.

Shi ya sa nake jin haushi idan na ji ana cewa a tura wane makarantar sana'a "tunda kansa ba ya ja." Wannan magana ita ta kashe kwalejojin fasaharmu tun kafin rashin kuɗi ya ƙarasa su. Mai haɗa sola da bai iya lissafin nauyin wutar da gida yake ja ba, batiran mutane zai ƙona. Magini da bai iya karanta zanen gini ba, har ya tsufa leburan wani ne. Sana'ar da take biya a yau tana son kai mai ja, kuma tana son Lissafi da Turanci da ɗan Kimiyya su zauna daram. Duk tsarin da ya ce wa yaro ɗan shekara goma sha huɗu ya zaɓi ɗaya, ko littafi ko guduma, ya cuce shi ta kowane gefe ya faɗa.

Raina aikin hannu a wurin ɗan boko kuwa yana da tarihi, kuma iyayenmu ba wauta suka yi ba. Lokacin da Hanns Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nassarawa a 1909, har da sashen koyon sana'o'in hannu a ciki. Amma mutane suna da ido. Sun ga wanda ya iya rubutu da lissafi shi ne ya zama malamin ofis, ya zama akawu a En'e, yana da albashi duk wata da fansho a gaba. Wani masani mai suna Philip Foster, wanda ya yi bincikensa a Gana, ya rubuta a 1965 cewa masu tsara ilimi suna yaudarar kansu idan suna zaton gina makarantun sana'a zai sa yara su so sana'a. A ganinsa, a ƙasar da aikin ofis ya fi kowane aiki tsoka, karatun boko zalla shi ne ainihin karatun sana'a, domin shi yake kai mutum ga abinci. Ya yi gaskiya a zamaninsa. Abin da ya sauya shi ne ofis ɗin ya cika, kuma albashinsa ya zube. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a 2024 naira dubu saba'in ne. Mutumin Togo da ya ɗora min tayil a ɗakuna uku ya karɓi fiye da haka, bai cika sati biyu a gidan ba, kuma sai da na bi layi kafin ya zo.

Ba na so in yi zuƙu a nan. Kuɗin mai sana'a ba kamar albashi ba ne. Tela ba ya barci a goman ƙarshe na azumi, bayan salla kuma sai ya yi sati yana korar ƙuda. Magini yana hutun dole idan siminti ya yi tsada masu gini suka janye. Ba fansho, ba garatuti, ranar da ciwo ya kwantar da shi ranar samu ya tsaya, ga masu karɓar aiki su ce "sai wani satin." Wanda yake ganin kuɗin da aka ƙirga wa mai tayil a hannu ya ninka shi sau goma sha biyu, ya yi lissafin dokin rano. Amma duk da wannan, tambayar da take damuna ita ce: me ya sa sai mutumin Togo ko na Kwatano? Me ya sa duk mai gini a Abuja ko Kano, idan yana son silin da tayil su fita tsaf, sai ya nemo baƙo, alhali unguwanninmu cike suke da matasa masu takardar sakandare suna zaman kashe wando? Da ake gina matatar man Ɗangote a Legas, sai da aka shigo da dubban ƙwararrun ma'aikata daga ƙasashen waje, yawanci daga Indiya. Aikin yana nan, kuɗin yana nan. Hannun da zai karɓa ne ba mu horar ba.

Ba kuma don ba a taɓa yunƙurawa ba. Tsarin 6-3-3-4 da aka fara aiwatarwa a 1982 an yi shi ne musamman don wannan: yaro ya ɗanɗana aikin katako da ƙarfe da lantarki a ƙaramar sakandare, daga nan a ga inda ya dosa. Gwamnati ta yi odar injuna daga ƙasashen Gabashin Turai aka rarraba wa makarantu. Waɗanda muka yi sakandare a wancan zamani mun san ƙarshen labarin. A makarantarmu akwatunan suna jibge a wani ɗaki da aka garƙame, ba wutar da za ta juya injunan, ba malamin da ya san yadda ake haɗa su. Mun gama shekara uku muna zana zarto a littafi muna rubuta sunayen sassansa, ban taɓa riƙe shi a makaranta ba. A 2011 aka sake sabon lale, aka shigo da darussan sana'a guda 34 a babbar sakandare, aka ce dole kowane ɗalibi ya ɗauki ɗaya. Me makarantu suka yi? Suka zaɓi waɗanda ba sa bukatar komai sai allo da alli, irin su darasin tallata haja. Yaro ya ci A a kiwon dabbobi bai taɓa ba akuya dusa ba. A 2025 an rage su zuwa shida, har da haɗa sola da ɗinki da gyaran waya da kwamfuta. Zaɓin ya yi ma'ana. Amma idan sola ɗin ma a allo za a zana shi, an maimaita zarton nan nawa ne kawai.

Wannan shi ne abin da nake ganin ya kamata iyaye su gane kafin su shiga gardamar wanne ya fi. Ribar da bincike ya nuna a Konetikat ko Finlan riba ce ta makarantar da take da ɗakin aiki na gaske, da malamin da ya taɓa cin abinci da sana'ar, da alaƙa da masu ɗaukar aiki. A Suwizalan kusan kashi biyu cikin uku na matasa hanyar koyon sana'a suke bi bayan karatun dole. A Jamus ɗalibi yana kwana uku ko huɗu na sati a kamfani, ɗaya ko biyu a aji, ana biyansa, kuma takardar da zai fita da ita duk ƙasar an san darajarta. Makarantar da ta rubuta "fasaha" a allon ƙofa amma injinta ya mutu tun zamanin soja, ba ta cikin wannan lissafi. Yaron da ya shiga irinta ya yi biyu babu: bai samu Kimiyyar da zai yi gogayya a JAMB ba, bai kuma samu hannun da zai yi gogayya a kasuwa ba.

Abin takaicin shi ne muna da rabin tsarin Jamus ɗin a ƙofar gida, mun ƙi ɗaura shi da ɗaya rabin. Je ka Panteka a Kaduna ka ga abin da ake ƙerawa da ƙarfe. Je ka Farm Centre a Kano ka ga yaran da suke buɗe wayar da aka ƙera bara su gyara ta. Can ne ainihin makarantun sana'ar ƙasar nan, ogogi ne malamansu. Abin da suka rasa shi ne ka'idar aiki a rubuce da takardar shaida. Yaro zai shekara biyar a wurin oga, shekara biyun farko aike da sayo abinci da wanke sifana, a yaye shi da addu'a da lemo, ya fita ba shi da wata takarda da kamfani zai duba. Wani bincike da aka yi a Yuganda ya nuna muhimmancin wannan. An kwatanta matasan da aka horar a cibiyoyin koyon sana'a masu ba da takarda da waɗanda aka kai wurin masu shaguna suka koya a bakin aiki. Duka sun ƙaru da fari, amma masu takardar ne ribarsu ta ɗore, domin idan aiki ya ƙare a nan suna iya nuna wa na gaba abin da suka iya. Muna da hukumar NABTEB tun 1992 don shirya irin wannan jarrabawa, muna da NBTE, hukumar da ke kula da ilimin fasaha, mai hedikwata a Kaduna. Abin da ya rage shi ne ɗalibin kwalejin fasaha ya riƙa yin rabin satinsa a wurin oga na gaske, yaron oga kuma ya samu ƙofar shiga aji da yamma ya koyi lissafi ya zauna jarrabawa.

Gwamnati kuma ta daina yi mana wa'azin sana'a da baki ɗaya tana ƙaryata kanta da ɗayan. Shekara da shekaru mai babbar difloma ta kwalejin kimiyya da fasaha, wato foliteknik, yana shiga aikin gwamnati a bayan mai digiri, kuma akwai matakin da ba ya wucewa. Majalisar Tarayya ta zartar da ƙudirin soke wannan bambanci a 2021, bai samu sa hannun shugaban ƙasa ba. Uban da yake ganin haka, don me zai yarda ɗansa ya bi hanyar da aka sa wa rufi tun daga farko? Kuma ku duba 'ya'yan masu yi mana wa'azin, ku gaya min nawa ne a kwalejin fasaha. Jihar Kano ta taɓa nuna cewa idan an so ana iyawa: makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa da aka buɗe a 1977, aka zuba musu kayan aiki da malamai aka tace ɗalibai, su ne suka samar da ɗimbin likitoci da injiniyoyin jihar. Ranar da aka yi wa kwalejin fasaha guda biyu irin wannan gata, har manya suka fara neman alfarmar a ɗauki 'ya'yansu, gardamar nan za ta mutu da kanta.

Akwai wani abu a binciken Konetikat da na tsallake da gangan don in dawo kansa. Ribar nan ta kashi ɗaya cikin uku, maza ne suka same ta. 'Yan matan da suka shiga makarantun ba a ga wani bambanci a samunsu ba, kuma babban dalili shi ne irin sana'o'in da suka fi taruwa a ciki ba su da tsoka kamar na gini da ƙere-ƙere. Mu ma haka muke yi, har mun fi. Duk shirin koya wa mata sana'a da za ka ji, ɗinki ne da saƙa da haɗa sabulu da man shafawa da turaren wuta. A layi ɗaya sai ka ƙirga mata goma masu keken ɗinki suna rububin masu kawo ɗinki biyar. Alhali gyaran waya ba ya bukatar ƙarfin ƙirji, kuma mace nawa ce za ta fi sakin jiki ta miƙa wayarta mai cike da hotunan iyalinta ga 'yar'uwarta mace? Matan aure nawa ne suke kwana cikin duhu saboda sai maigida ya dawo kafin mai gyaran wuta ya shiga cikin gida? Kasuwa ce a buɗe, ba mai tsaron rumfar.

Game da ɗan ƙanwata, abin da na yi shi ne na ɗauke shi muka je kwalejin da yake so, ban sanar da kowa ba. Ban nemi ofishin shugaban makaranta ba, na ce a nuna min ɗakin aikin lantarki. Na tarar da allunan gwaji da wayoyi da mitoci, wasu sun tsufa amma ana taɓa su, ƙurar da ke kansu ba ta kwana biyu ba ce. Na tambayi wani ɗan aji biyu yaushe rabonsu da yin aiki da hannu, ya ce shekaranjiya. Na tambayi malamin ko yana karɓar aikin waje, ya yi dariya ya ce da albashi kaɗai ai da tuni ya gudu, kuma yakan tafi da ɗalibai biyu ko uku idan ya samu wayarin ɗin gida.

A hanyar dawowa na gindaya wa yaron sharaɗi biyu. Lissafi da Turanci da Fizis ba zai sake su ba, zai zauna NABTEB ya kuma nemi sakamakon da zai buɗe masa ƙofar gaba idan ya so wucewa. Duk hutu kuma zai tafi wurin wani mai haɗa sola da na sani, ya yi masa yaron shago. Ya ce, "Kawu, na yarda. Amma Baba fa?"

Baban har yanzu bai ce e ba. Ya dai daina maganar likita, ya koma tambayar ko mai takardar kwalejin fasaha yana iya zama injiniya daga baya. Na ce masa yana iya, ta kwalejin kimiyya da fasaha ko ta jami'a, in sakamakonsa ya cika. Ya ce in bari sai Juma'a bayan an sauko daga masallaci, zai je ya ga ɗakin aikin da idonsa.